Ɗana yana haddace shekaru, amma tarihi ba ya zama a kansa

Assalamu alaikum. Ni uwa ce mai yara biyu a Kano, namiji ɗan shekara 10 da mace 'yar shekara 7. Babban yana da ciwon sikila, kuma yawan kwanciya ya sa yana rasa makonni a makaranta, shi ya sa ni da maigidana muka yanke shawarar in riƙa koyar da su a gida. Lissafi da Turanci suna tafiya daidai, amma tarihi da labarin ƙasa sun gagare mu. Yaron yana haddace shekaru da sunaye, bayan mako guda komai ya cakuɗe masa. Kwanan baya ya tambaye ni ko Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin Sahabbai, wata rana kuma ya ce Sardauna ne ya yaƙi Turawa a Sakkwato. Wata ƙawata ta ce in gwada taswira da layin tarihi. Na sayo babbar taswira na manna a bango, ba wanda ya ko kalle ta. Da na ba su takarda su yi zane, surukata ta ce wasa nake koya musu. Don Allah a ba ni shawara.

Uwar yara biyu, Kano

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron lafiya mai ɗorewa, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan nauyi da kika ɗauka.

Kada tambayar da ya yi miki game da Shehu ta tayar miki da hankali, domin tambaya ce ta yaron da yake sauraro yana kuma haɗa abu da abu. Ya ji an ce Shehu ya yi wa'azi, an tsananta masa, ya yi hijira da jama'arsa, sannan aka yi jihadi, kuma waɗannan kalmomi su ne dai ya saba ji a karatun Sira. Tunda ba a taɓa nuna masa tazarar da ke tsakanin labaran biyu ba, sai ya zuba su a wuri ɗaya, wurin da yara suke kira zamanin da. Hadda tana yi masa aiki a karatun Alƙur'ani saboda kowace aya tana riƙe da wadda ke binta. Shekarar 1804 kuwa ba ta riƙe da komai a kansa, lamba ce tsura da ba ta da gaba ba ta da baya. Kowane abin da ya faru a duniya ya faru ne a wani wuri, a wani lokaci, kuma yaronki ya san labarin amma bai san wurin ba, bai san lokacin ba. Taswira ita ce za ta ba shi wurin, layin tarihi kuma ya ba shi lokacin. Ƙawarki ta ba ki shawara mai kyau. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi amfani da su, kuma ra'ayina a nan ba ya rawa: sai yaron ya yi su da hannunsa, sai an fara daga abin da ya sani da idonsa, kuma sai an kiyaye ma'auni.

Taswirar da kika manna a bango ba ta yi aiki ba saboda an ba yaron amsa kafin ya yi tambaya. Ki cire ta ki ajiye na ɗan lokaci. Ki samo bayan kwali ko babbar takarda, ki shimfiɗa a ƙasa a tsakar gida, ki ce su zana gidanku kamar mutum ne ya hau saman bene yana leƙowa: zaure, ɗakuna, madafa, banɗaki, rijiya ko famfo, da inda ake shanya. Za ki ga ƙaramar ta zana ƙofa da taga kamar tana tsaye a gabansu, domin kallon abu daga sama fasaha ce da ake koya, ba a haihuwar yaro da ita. Ki ɗora kofi da cokali a kan tabarma ki sa ta tsaya a kansu ta faɗi siffar da take gani. Babban kuma ki sa shi ya auna tsawon kowane ɗaki da takunsa, ya yanke cewa taku ɗaya a ƙasa santimita ɗaya ne a takarda, ya rubuta wannan ƙa'ida a gefe. Ranar da ya gane dalilin da ya sa zaure ya fito ƙarami ɗakin kakarsa ya fito babba, ya gane ma'aunin taswira, kuma wannan fahimtar ce zai ɗauka zuwa taswirar Najeriya da ta duniya.

A wannan mataki ki koya musu jihohi huɗu, wato gabas, yamma, kudu da arewa, da abin da suka riga suka sani. Sun san inda rana take fitowa, sun san inda ake fuskanta a salla, ko da yake yana da kyau babban ya san cewa alƙibla daga Kano gabas ce mai karkata zuwa arewa. Ki riƙa juya takardar a ƙasa har arewar da aka rubuta ta fuskanci arewa ta gaskiya. Taswirar da ke rataye a bango tana sa yara su ɗauka arewa sama ce kudu ƙasa, har su zaci kogi ba ya iya gangarawa arewa. Sanya arewa a saman takarda al'ada ce kawai ta masu zane, kuma malamin nan al-Idrisi, da ya kammala shahararriyar taswirarsa a tsibirin Sisili a 1154, kudu ya sa a sama.

Daga gida sai unguwa, wato hanyar masallaci, kanti, islamiyya da asibitin da yaron ya fi kowa sani. Daga unguwa sai birnin kansa, kuma a nan kin yi sa'a, domin Kano gari ne da tarihinsa yake tsaye a fili. Su zana da'irar badala, su sa Dala da Goron Dutse, Kasuwar Kurmi da Gidan Sarki, sannan ƙofofi kamar Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa da Kabuga. Idan lafiyar yaron ta ba da dama, mahaifinsu ya zaga da su da sanyin safiya da takardar a hannu, da isasshen ruwan sha, ba tare da an sa shi hawan dutse ko doguwar tafiya a rana ba. Gidan Makama yana nan kusa da fada ga mai son ganin kayan tarihin garin.

Layin tarihi ma daga gida za a fara shi, kuma a nan ne nake ganin maganin maganar surukarki. Ki ja dogon layi a kan takardu da aka liƙa da juna, santimita ɗaya shekara ɗaya, yadda mita ɗaya za ta ɗauki shekara 100. Yaran su sa haihuwarsu, aurenku, haihuwarki da ta mahaifinsu. Daga nan sai ki tura su wurin Hajiya surukarki da takardar, su ce suna son ta cike musu sauran. Tsofaffinmu ba su cika riƙe lambar shekara ba, amma suna riƙe lokaci da abin da ya faru a cikinsa: shekarar da aka kashe Sardauna, lokacin da aka koma tuƙi a hannun dama, shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, shekarar da aka kashe Murtala. Ke kuma sai ki ba yaron lambobin, wato 1966, 1972, 1973 da 1976. Idan Hajiya ta ce an yi mata aure shekara biyu bayan canjin kuɗi, yaron ya yi lissafin da kansa ya sa alamar, idan kuma ta ce wane canjin, na farko ko na 1984, to ga darasi ya ƙaru. Ina kyautata zaton wadda jikanta ya zauna a gabanta yana rubuta shekarar aurenta da ta rasuwar mahaifinta ba za ta sake kiran aikin wasa ba. Kada ki yi jayayya da ita a kan hanyar koyarwa. Damuwarta ita ce kada jikanta mara lafiya ya rasa ilimi, kuma damuwa ce da ta cancanci girmamawa. Sarautar Ado Bayero, daga 1963 zuwa 2014, za ta ba ku doguwar sanda a wannan layi da kusan kowa a gidan zai sami wurinsa a ƙarƙashinta.

Sai bayan wannan ya zauna za ki ɗaura igiyar da za ta amsa tambayarsa ta Sahabbai. Ki sami igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi, ki canza ma'auni ya zama santimita ɗaya shekara 10. Farkon igiyar Hijirar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a 622. Ki ba yaron rula da ƙananan katuna ya auna da kansa. Hajjin Mansa Musa na Mali a 1324 zai faɗi a kusan santimita 70, hawan Muhammadu Rumfa sarautar Kano a 1463 a santimita 84, hijirar Shehu a 1804 a santimita 118, shigar Turawan Ingila Kano da Sakkwato a 1903 a santimita 128, samun 'yancin kai a 1960 a kusan santimita 134. Ki bar shi ya tsaya ya dubi tazarar da ke tsakanin kati na farko da katin Shehu, fiye da mita guda, sannan ya dubi rayuwarsa gaba ɗaya da ba ta wuce faɗin ɗan yatsansa ba. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Haka zai ga cewa Shehu ya rasu a 1817, Sarkin Musulmi Attahiru ne yake kan gado lokacin da Turawa suka iso a 1903, Sardauna kuwa, wanda yake daga zuriyar Shehu, a zamanin siyasar neman 'yanci ya yi aikinsa. Zai kuma ga abin da manya da yawa ba su lura da shi ba, cewa mulkin mallaka a Arewa bai kai santimita 6 ba a igiyar, alhali daga Rumfa zuwa Shehu kaɗai ya haura santimita 34.

Ina jaddada ma'auni saboda yawancin jadawalin da ake bugawa a littattafan yara suna jera abubuwa a tazara ɗaya, shekara 10 da shekara 500 duk faɗinsu guda, kuma irin wannan jeri yana koyar da wane ya riga wane amma yana ɓoye nisan da ke tsakani. Guraben da babu komai a igiyar su ma darasi ne, kada ki yi gaggawar cike su. Kati 10 ko 12 sun isa a watannin farko, kuma kada a rataya kati sai an ba da labarinsa. Shekarun da malaman tarihi suka ƙiyasta ƙiyasi, kamar farkon sarautar Bagauda da ake sawa a 999, a rubuta su da fensir, waɗanda aka tabbatar kuma da biro, domin yaro ya tashi da sanin cewa ba duk abin da ke cikin littafi ne yake da ƙarfi iri ɗaya ba.

Akwai wani ruɗani da yaranmu suke fama da shi wanda ya kamata ki tare tun wuri. A islamiyya suna jin shekarun Hijira, a littafin boko suna ganin na Miladiyya. Ki ja layin da Miladiyya, ki rubuta ta Hijira a ƙasan manyan katunan da wani launi: 622 ita ce shekara ta 1, hijirar Shehu ta zo a 1218, ranar 'yancin kai a 1380. Idan ya lura cewa lissafin bai yi daidai ba in an cire 622 kawai, ki bayyana masa cewa shekarar wata tana da kwana 354 ko 355, ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa azumi yake zagayawa daga damina zuwa zafi zuwa hunturu, kuma a cikin shekara 33 na Hijira ake samun kusan 32 na Miladiyya. Yaron da lissafi yake yi masa daɗi zai ji daɗin wannan.

Amfani mafi girma yana zuwa ne idan aka haɗa taswira da layin a darasi ɗaya, kuma labarin Shehu misali ne mai kyau. Ki ɗauko taswirar da kika ajiye, ki ɗora farar takarda mai shara-shara a kanta, yaron ya kwafi Kogin Kwara da gulbin Rima da manyan garuruwa kawai, ba tare da iyakar ƙasa ko ta jiha ba. Sai ku bi labarin da ɗigo da shekara: haihuwar Shehu a Maratta a 1754, zamansa a Degel, hijira zuwa Gudu a farkon 1804, yaƙin Tabkin Kwatto a wannan shekarar, faɗuwar Alkalawa babban birnin Gobir a 1808, kafa Sakkwato a 1809. Bayan an gama sai ku mayar da takardar kan taswirar yau, yaron ya ga cewa Maratta tana cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, kuma sarakunan Katsina da aka kora sun je sun kafa Maraɗi, wadda ita ma tana can. A lokacin babu wannan iyaka. Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyi tsakanin 1890 da 1906. Yaron da aka koya wa jihadi a kan taswirar jihohi 36 zai riƙa zaton Najeriya ta kasance tun fil azal, alhali an haɗe Arewa da Kudu ne a 1914. Da irin wannan takarda za ku bi hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja a ƙasar Gana ta yau don sayo goro, da hanyar ayari ta Damagaram da Agadas zuwa Tarabulus, da layin dogo da ya iso Kano a 1911 ya juya akalar ciniki zuwa teku. Sira ma haka: Makka, Madina, Badar, Ɗa'ifa da Habasha a ƙetaren Bahar Maliya, da sunaye da kibiyoyi kawai, ba a buƙatar hoton kowa.

Game da abin da za ki saya, littafin taswirori ɗaya na firamare da ƙwallon duniya ƙarami sun wadatar. Kafin ki biya, ki duba ko taswirar Najeriya tana da Zamfara da Gombe, waɗanda aka ƙirƙira a 1996, ki duba ko ta Afirka tana da Sudan ta Kudu, wadda ta ɓalle a 2011, domin har yanzu ana samun tsofaffin bugu a kasuwa. Ƙwallon yana da muhimmanci saboda kowace taswirar duniya da aka shimfiɗe a takarda tana da murɗiya. Ki ɓare lemo ki ce yaron ya shimfiɗa ɓawon ya kwanta ba tare da ya yage ba, zai ga ba ya yiwuwa. Tsarin da mai zanen taswira Mercator ya fitar a 1569 domin matuƙan jiragen ruwa, wanda har yau ake gani a bangon azuzuwa, yana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Google Maps da Google Earth a waya suna da amfani wajen duba aikin da aka riga aka yi da hannu, kamar neman rufin gidanku ko bin Binuwai har inda ya haɗu da Kwara a Lokoja. Amma kada waya ta zama mafari, domin allon da ake matsowa da nesantawa da yatsa yana ɓatar wa yaro da jin nisa.

Kada ki ɗora wa ƙaramar abin da kika ɗora wa yayanta. 'Yar shekara 7 tana fahimtar jiya da bara da lokacin da Hajiya take yarinya, ƙarni kuwa bai da ma'ana a wurinta tukuna. Layin yininta daga asuba zuwa isha, da'irar shekara mai bazara da damina da kaka da hunturu, da layin iyali sun ishe ta, sai kuma ta riƙa shafa launi a katunan yayanta tana jin labaran. Shi kuma a ranakun da jiki ya motsa, a sassauta. Wannan aiki yana da kirki ga mara lafiya saboda ana iya yinsa a kishingiɗe, kuma idan ya yi mako biyu a asibiti zai dawo ya tarar da igiyar a inda ya bar ta, ya ga daidai wurin da aka tsaya.

Don ki san ko abin yana shiga, ki daina tambayarsa shekara tsura. Ki cire katuna biyar ki cakuɗa su ki ce ya mayar da kowane wurinsa, ki ba shi taswira marar rubutu ya sa garuruwa da koguna, ko ki tambaye shi ko Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, za ta iya ganin jirgin ƙasa a Kano, ya kuma nuna miki hujjarsa a igiyar. Minti 20 sau uku a mako ya fi yini guda cur a wata. Ki riƙa rubuta kwanan wata a bayan kowane zane kina adanawa a jaka ɗaya, domin mahaifinsu da Hajiya su ga bambancin na farko da na bayan wata uku. Ki kuma nemi manhajar firamare ta gwamnati daga wata makaranta da ke kusa, ki daidaita darussanki da ita, ku yi magana da shugaban makarantar tun yanzu a kan yadda yaron zai zauna jarrabawar shiga sakandare, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya kammala karatun firamare da ƙaramar sakandare. Wannan jakar zanen tana cikin abin da za ki nuna musu idan suka tambayi abin da ya koya a gida.